Baƙin Sallah a Gidan da Ake Kiwo: Shawara ga Maigida da Uwargida

A Wudil da wuya ka shiga gidan da ba a kiwon komai. Garin da duk ranar Juma'a kasuwar kara take cika da shanu da tumaki, ana loda su a manyan motoci ana yin Kudu da su, dole kiwo ya shiga jinin mutanensa. Wani gidan awaki ne a turke, wani kaji da agwagi, wani tantabaru a ɗakinsu can saman katanga. Ga kyanwa, wadda aka kawo saboda ɓeraye amma ta zama 'yar gida har yara suka raɗa mata suna. Ga kare a gidajen mafarauta da masu lambu a bakin kogi, da sababbin gidajen bayan gari da ke buƙatar gadi. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara samun masu ajiye karnukan Turawa da kyanwoyi masu dogon gashi don sha'awa kawai.

Duk sauran ranakun shekara ana zaune lafiya, kowa ya san wurinsa. Ranar Sallah ce take birkita lissafi. Gidan mutum takwas sai ya wayi gari da mutum talatin: 'yan uwa daga cikin birni, surukai daga Gaya ko Garko, 'yar da aka aurar Dutse ta zo da yaranta, ga ɗaliban jami'ar Ɗangote ko na makarantar horar da 'yan sanda da ba su samu zuwa gida ba, maigida ya ce su zo a ci tuwon Sallah tare. Ƙofa ba ta rufuwa. Ƙamshin suya ya cika ko'ina, ga jini da ƙashi a ƙasa, ga yara suna guje-guje da bindigar wasa. Dabbar da ka sani jiya ba ita ce ta yau ba. Karen da bai taɓa yi wa kowa haushi a cikin gida ba yana iya kai cafka, kyanwar da ake yi wa kirari da ta Lami, ba cizo ba yakushi, tana iya yage hannun yaro in ya ritsa ta a lungu. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da ruɗewa.

Shawarata ita ce a raba baƙo da dabba, kuma a gama wannan tsari tun kafin baƙon ya yi sallama. Baƙo yana da haƙƙi a kanka, dabbar ma amana ce a hannunka, ba kuwa sai an tauye ɗaya ba kafin a sauke na ɗayan. Abu uku ake tsayarwa tun da sauran kwanaki: inda kowace dabba za ta wuni, abin da za ta ci, da wanda zai kula da ita. Na ukun nan shi aka fi mantawa. Ranar Sallah maigida yana wurin fiɗa ko yana zaure da baƙi, uwargida tana kan kasko tun hantsi har bayan isha'i, kowa yana zaton wani ya ba kare ruwa. A kira mutum ɗaya da sunansa, saurayi ko budurwa mai hankali, a ce wannan aikinka ne, ga mabuɗi riƙe. In aka ce "yara ku kula", to babu wanda zai kula.

Mu fara da kare, domin nasa ya fi haɗari. Wurinsa ranar Sallah shi ne can ƙuryar gida, nesa da zaure da hanyar banɗaki, inda baƙo ba shi da dalilin bi. Ya zama akwai inuwa wuni guda, ba inuwar safe da za ta gudu da azahar ba. Babbar Sallah tana ta matsowa cikin zafi: a 2024 an yi ta 16 ga Yuni, a 2025 an yi ta 6 ga Yuni, kowace shekara kuma tana ja da baya da kimanin kwana 11, wato shekarun da ke tafe a tsakiyar bazara za a riƙa yin ta. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafin jikinsa, saboda haka ɗakin kwano mara taga zai iya kashe shi kafin la'asar. A zuba masa ruwa a mazubi mai nauyi da ba zai kifar ba, a riƙa leƙawa ana ƙarawa. In ɗaure shi za a yi, igiyar ta ba shi damar ya kwanta, ya miƙe, ya kai ga ruwa, amma kada ta kai inda mutane ke wucewa.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da bai saba da wurin ba zai wuni yana kuka yana kartar ƙofa, baƙi su kasa hira, maigida ya fusata ya ɗauko sanda. Kwana uku ko huɗu kafin Sallah a fara kai shi wurin, a ba shi abincinsa a can, yau a bar shi awa ɗaya, gobe a ƙara. Ranar kuma a sake shi da asuba ya zaga ya rage ƙarfi, a ciyar da shi kafin a tafi Idi.

Akwai magana ɗaya da nake roƙon masu kare su daina faɗa wa baƙi, wato "shigo kawai, ba ya cizo". Kai ne bai taɓa ciza ba. Baƙon da ya toge a bakin ƙofa ba gardama yake nema ba. Wata dattijuwar tun tana yarinya kare ya taɓa bin ta, har gobe in ta ji haushi gabanta faɗuwa yake. Wani kuma damuwarsa tsarki ce. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar nan, ba a ɗauki jikin kare mai rai da yawunsa a matsayin najasa ba, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kawai. Amma Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, mutane da yawa a cikinmu kuma a kan haka suka tashi. Tabarmar cin abinci ba wurin warware wannan saɓani ba ce. Mutum ya ɗinka shaddarsa, ya fesa turare, zai yi azahar da la'asar a gidanka, ka bar shi ya yi sallarsa hankali kwance. In kawu ya tsaya a soro ya ce karen yana ina, amsar ita ce, "An kai shi baya tun safe, Kawu, bismillah." Ba sai an ƙara masa da bayanin kyawun halin karen ba.

Kyanwa ba ta da wannan matsala ta tsarki, domin hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya nuna ita ba najasa ba ce. Nata matsalolin biyu ne, ƙirjin baƙo da naman layya. Akwai mutanen da in sun zauna inda kyanwa take kwana sai atishawa, ido ya yi ja, mai asma kuma numfashinsa ya sarƙe. Ba tsirfa ba ce. Abin da ke tayar musu da ciwon yana cikin yawun kyanwar da ɓarɓashin fatarta, yana maƙale wa kujera da kafet da labule, don haka korar ta daga falo ana jin sallamar baƙo bai wadatar ba. Tun kwana biyu kafin nan a hana ta shiga ɗakin da za a sauki mutane, a fitar da abin da zai fitu a kakkaɓe a waje, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura, a buɗe tagogi. Uwargida, in kin san cikin masu zuwa akwai mai asma, ki buga waya tun da wuri: "Gwaggo, kin san muna da kyanwa. Mun keɓe ta, mun gyara ɗakin, amma don Allah a taho wa jikar taki da abin shaƙarta." Babu wanda zai ji haushin wannan kira, sai ma a sa miki albarka.

Sai nama. A yawancin gidajenmu ranar farko kayan ciki ake soyawa, gangar jikin ragon a rataye ta ta kwana ta tsane, washegari a daddatsa a shiga suya. Wannan daren na kyanwa ne, taku da ta maƙwabta. Wanda ya taɓa leƙawa da tocila ya san yadda take yi. Ta hau buhun da ke jingine da bango, daga nan ta taka kan taga ko kanta, ta tsaya tana auna tazarar da ido, wutsiya tana kaɗawa, sai ta yi tsalle ɗaya ta maƙale a cinya, ta fara daga wurin da ya fi taushi. Da safe a tarar da gurbi, a bi ta da muciya, alhali laifin na wanda ya rataye naman ne. A rataye shi a tsakiyar ɗaki, nesa da bango da duk abin da za a taka. Ɗakin ya zama mai ƙofa da ke rufuwa sosai, da taga mai raga don iska ta shiga, a lulluɓe naman da ƙyalle mara nauyi mai tsabta saboda ƙuda. Ita kuma a ba ta rabonta da yamma ta ƙoshi.

In za a kulle ta, a tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Malamai sun yi bayanin cewa tsarewar ta halatta muddin za a ba ta ci da sha. To a ajiye mata ruwa da abinci, da kwali ko kwando da za ta ɓuya in hayaniya ta yi yawa, da tsohon baho cike da yashi don bayan gida. Yashi dai ba a nemansa a Wudil. Mai juna biyu kada ta zama ita ce mai zubar da yashin, domin kashin kyanwa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke illa ga ɗan tayi. In ma aikin ɗanyen nama take yi, ta wanke hannu da sabulu, don ta nan ma ana ɗauka. Turaren wuta kuma kada a kunna shi a ɗakin da aka rufe kyanwar.

Inda na fi so a natsu a duba shi ne abin da ake jefa wa dabba da sunan tausayi. Mu Hausawa ba ma iya cin abu dabba tana kallonmu ba mu gutsura mata ba, wannan kuwa hali ne mai kyau. Amma girkin Sallah ba na cikinta ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kyanwa ma ta fi saurin jigata. Kuma ba nan take abin yake nunawa ba. Sai bayan 'yan kwanaki a ga dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu, babu wanda zai tuna da romon farfesun da aka juye mata. To wane girkin Sallah ne babu albasa? Miyar taushe, farfesun kayan ciki, dambun nama, naman da aka tafasa da kayan ƙamshi kafin suya, duk da ita a ciki.

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na haƙarƙari, yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Ƙayar kifi ma haka, don haka in baƙo ya tsaya a bakin gadar Wudil ya yo tsarabar soyayyen kifi, a san inda ƙayarsa ta ƙare. Tsinken tsire ya fi su muni, domin kare yana haɗiye shi ɗungurungum saboda ƙamshin da ke jiki. Kitse da man suyar da ya rage a kasko, in kare ya sha da yawa, suna jawo amai da zawo, wani lokaci har kumburi mai tsanani a cikin ciki da ke iya kai shi ga halaka. Goro da cakulan suna da sinadaran da ke sa zuciyar kare bugu fiye da kima, zabibi da inabi kuwa suna iya kashe masa ƙoda. Ka lura, waɗannan su ne ainihin abubuwan da muke jerawa a faranti a ƙasa gaban baƙi.

Maganin wannan duka mai sauƙi ne. Kafin a zuba gishiri da kayan ƙamshi, a yanki tsoka kaɗan a tafasa da ruwa zalla, a ajiye gefe, wannan shi ne naman Sallar kare da kyanwa. Kusa da kowane tire kuma a ajiye kwano ɗaya na ƙashi, a ce wa baƙi, "Don Allah a tara ƙashin a nan." In akwai kwano a gaban mutum ba zai wurga ƙashi bayansa ba.

Akwai kuma wanda ya shafi lafiyar mutanen gidan su kansu, a wurin fiɗa yake faruwa. Mai fiɗa ya ciro hanta ko huhu, ya ga wani farin ƙululu cike da ruwa, ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya wurga wa karen da ke raɓe. Kowa ya ga an yi daidai, an cire mara kyau, ba a kuma yi asara ba. To wannan ƙululun 'ya'yan wata tsutsar ciki ne maƙil a cikinsa. In kare ya ci sai su girma a hanjinsa, ya riƙa fitar da ƙwansu a kashi, ƙwan ya maƙale a gashinsa, a ƙasar tsakar gida, a ganyen lambu. Tunkiya ta ci a ciyawa, ƙululun ya sake fito mata. Yaro ya shafa kare ya sa hannu a baki, shi ma ƙululun ya fara girma a hantarsa ko huhunsa, a hankali, shekara da shekaru ba a sani ba, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane sama da miliyan 1 ne ke ɗauke da irin wannan cuta, ta kuma sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko da Tunisiya, duk lokacin layya sai an yi faɗakarwa a kanta. Mu ma ya kamata mu riƙe ƙa'idar: kare ba ya cin ɗanyen kayan ciki. Duk abin da aka yanke don ba a yarda da shi ba, a ƙone shi ko a binne a rami mai zurfi a ɗora dutse. A haƙa ramin tun jajibiri, jini da abin cikin tumbi su ma can za su tafi, ba kwata ba, ba bola ba, domin su ne ke tara karnukan unguwa a ƙofar gida da dare. Karen gida kuma a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki daga hannun likitan dabbobi.

Awaki da tumakin gida su ma Sallah tana yi musu ɓarna. Washegari a wayi gari da ragowar tuwo da shinkafa da waina baho guda, a ce a juye wa dabbobi kada a yi almubazzaranci. Tumbin akuya na ciyawa ne da harawa. In ta cika shi da tuwo ko hatsi lokaci guda sai abin ya yi tsami a ciki, cikin ya kumbura, ta daina tuƙa, ta kwanta, wata kafin kwana biyu ta mutu. Abin da ya fi shi ne a ba mabuƙata abincin tun bai kwana ba. Wanda ya rage a shanya shi ya bushe, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan cikin dusa bayan sun ci harawa. Sai leda. Duk mahaucin da ka tambaya a garin nan zai gaya maka irin dunƙulen ledar da yake tararwa a tumbi. Ranar Sallah kuwa ledar ruwa, ledar alawa, ledar rabon nama mai ƙamshin kitse, duk a ƙasa suke. A rataye buhu ɗaya a tsakar gida inda kowa zai gani, a sa yara su riƙa tsincewa.

Ragon layyar da aka sayo a ɗaure shi daban, kada ya haɗa kwanon ruwa da na gida, domin kasuwa mahaɗar cututtuka ce. A duba kunnensa da hammatarsa saboda kaska, in an gani kada a murtsuke ta da hannu. A hana yaran baƙi tsokanarsa, tunkuyin babban rago yana karya ƙashi. In an zo yanka kuma a kawar da sauran dabbobin, malamai sun karhanta a yanka dabba 'yar uwarta tana kallo, ko a wasa wuƙa a gabanta.

Na kaji da agwagi gajere ne: su zauna a akurki da ruwansu har a naɗe tabarma. Tantabara kuwa hayaƙi ne abokin gabarta, huhun tsuntsu ba ya jure shi. A kafa murhun suya da wurin babbakar kai da ƙafa nesa da ɗakinsu, a lura da inda iska take kaɗawa. Babbaka da tsohuwar taya a bar ta gaba ɗaya, hayaƙinta guba ne ga tsuntsu da mutum, yana kuma kama naman da za a ci.

Tunda an ambaci guba, ga wani abu da ake yi da kyakkyawar niyya. Jajibiri uwargida tana so baƙi su tarar da gida tsaf, sai a yayyafa fiya-fiya a ɗakuna, a zuba shinkafar ɓera a bayan buhuna da ƙarƙashin gado. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kantuna da kasuwanni, ta ce na gona ne, ba na ɗaki ba. Kyanwa tana taka wurin da aka fesa ta lashe ƙafarta. Tana kuma iya cin ɓeran da ya ci guba ita ma ta bi shi. Ka ƙara da cewa cikin baƙin akwai jaririn da ke rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta baki yake kai shi. A makon Sallah dai a haƙura da guba, a toshe ramuka, a rufe abinci, a sa gidan sauro.

Yaran baƙi su ne suka fi shiga haɗari, domin su ne za su zaga baya su nemo inda aka ɓoye dabbar. Suna isowa, bayan an gaisa an sha ruwa, a tara su a gaya musu a gaban iyayensu: ba a zuwa wurin kare, ba a ɗaukar kyanwa, ba a harbin tantabara da bindigar wasa, ba a fasa abin ƙara a cikin gida. Dabba mai shayarwa da wadda take cin abinci da wadda take barci, ko ɗan gida ba ya taɓa su. In yaro ya nace yana son ganin kyanwa, babba ya raka shi, a zauna a ƙasa a bar ta ita ta matso. Kare kuwa kafin ya ciji mutum yakan yi gargaɗi, jikinsa ya sandare, ya kafe ido, ya yaye leɓe, ya yi gurnani. In an ga haka yaron za a janye a hankali, ba gudu ba ihu. Kada a doki kare don ya yi gurnani, wanda aka hana gargaɗi shi ne gobe zai ciji mutum ba sanarwa.

In tsautsayi ya gitta aka yi cizo ko yakushin da ya fasa fata, abu na farko ruwa ne da sabulu. A wanke wurin ana kwarara ruwa har minti 15, a duba agogo, domin ya fi yadda ake zato tsawo. Ba toka, ba gishiri, ba ɗaurewa da tsumma. Daga nan sai asibiti a ranar, ko babban asibitin Wudil ko a wuce Kano, kada a ce bari a gama hidimar Sallah. Dalili shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku bai nuna ba, ciwon cizon ya warke, kowa ya manta. In alamunsa suka bayyana da wuya a tsira. Amma allurar da ake fara yi da wuri bayan cizo tana hana shi. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi, kada a kore shi. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, abin da aka gani a gaya wa likita. Mai gidan da ya iya fito da katin rigakafin karensa a wannan lokaci ya rage wa iyayen yaro fargaba, ya kuma tsare zumunci, domin irin wannan abu yana raba 'yan uwa.

In dabbar ce ta ci abin da bai kamata ba, kada a ɗura mata manja ko ruwan gishiri, kada kuma a ba ta maganin mutane. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa. A kira likitan dabbobi, a gaya masa abin da ta ci da lokacin da ta ci, in guba ce a ajiye kwalbar ko ledar ya gani.

Da baƙi sun tashi tafiya, a leƙa ƙarƙashin motocinsu kafin a tayar, kyanwa da 'yan tsaki suna son inuwar mota. Kada a saki dabbobi sai an share tsakar gida, an kwashe ƙashi da tsinke da leda, an rufe ƙofar waje. Karen da ya wuni a tsare yakan fita a guje, gidajen da ke kusa da babban titin Kano zuwa Maiduguri kuwa sun san abin da tirela take yi. Kwana biyu zuwa uku bayan nan a sa ido. Amai, ƙin cin abinci, kumburin ciki ko yawan kwanciya ba gajiyar Sallah ba ce, a nemi likita.

Duk abin da na lissafa ana iya shirya shi cikin mako guda, ban da abu ɗaya, wato rigakafi. Allurar haukan kare ana fara yin ta ne daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara, kyanwa ma ana yi mata. A ƙasar nan ake sarrafa ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa a Vom ta Jihar Filato a 1924. Sai dai allurar tana buƙatar kusan wata guda kafin ta kama jiki sosai, ranakun Sallah kuma hutu ne, ofisoshi a rufe suke. Don haka maigida, Juma'ar da ka fara shiga kara taya rago, ka nemi malamin dabbobi, ka sa ranar da zai yi wa karenka da kyanwarka allura, ka karɓi kati, ka kuma ajiye lambarsa a wayarka da ta uwargida.